CIWON CIKI GA MATA: ABIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana jawo hankalin jama'a, maza da mata, cewa ciwon ciki alama ce ta cututtuka iri-iri, kuma kowace da nata magani. A garuruwa masu cunkoso irin su Karmo, cikin Birnin Tarayya Abuja, mace takan sayi ƙwaya wurin masu talla a kasuwa ta haɗiye, ciwon ya lafa, alhali cutar tana nan tana ci.

Ciwon da ya shafi mahaifa

Ciwon mara na lokacin al'ada yakan wuce cikin kwana biyu ko uku. Idan ya tsananta, ko jini ya yi yawa, yana iya zama ƙari ne a mahaifa.

Ciwon sanyi yana zuwa da ciwon mara, da zazzaɓi, da fitar ruwa mai wari. In aka yi sakaci yakan toshe hanyar ƙwai ya hana haihuwa. Wajibi ne a yi wa mata da miji magani tare, in ba haka ba cutar za ta dawo.

Mafi haɗari shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Mace ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, sai ta ji ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, da ɗigar jini, da jiri ko suma. Wannan hanyar ƙwai ce ta fashe, jini yana zuba a ciki inda ido ba ya gani. Jinkirin sa'o'i kaɗan yana iya jawo asarar rai.

Mai tsohon ciki kuwa, in ta ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙari tare da ciwon kai da kumburin fuska, to, alamar jijjiga ce.

Ciwon da bai shafi mahaifa ba

Gyambon ciki yana sa zafi a saman cibiya, kuma yawan shan asfirin da makamantansa yana ƙara shi. Afendis yakan fara daga cibiya ya gangara ƙasa ta hannun dama, da amai da zazzaɓi. Ciwon mafitsara yana zuwa da zafin fitsari. Taifod da tsutsar ciki kuwa daga gurɓataccen ruwa da abinci ake samunsu.

Abin da za a yi

1. Kada a sha kanwa ko maganin wankin ciki kafin a san dalilin ciwon.
2. A je asibiti mafi kusa, a gaya wa ma'aikacin lafiya ranar da aka ga al'ada ta ƙarshe. Babu kunya a gaban likita.
3. In akwai suma, ko zubar jini, ko aman jini, ko ciki ya ƙame, a garzaya babban asibiti ko da tsakar dare ne. Mutanen Karmo suna kusa da Babban Asibitin Gwarinpa. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.
4. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu.
5. Tun shekarar 2023 ake yi wa 'yan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. A kai su.

Ana roƙon magidanta su ba iyalinsu izinin zuwa asibiti tun kafin buƙata ta taso, domin ciwo ba ya jiran maigida ya dawo daga tafiya.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.