Babur Ɗinka Ya Daɗe a Ajiye? Abubuwa 7 da Za Ka Duba Kafin Ka Buga Kik

A Turai da Amurka, masu babur sukan kulle shi a gareji idan ƙanƙara ta sauka, sai sanyi ya wuce su fito da shi. Mu a Sakkwato ba mu da ƙanƙara, amma babur kan yi watanni a jingine: ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya tafi dogon hutu, mai babur ya yi balaguro, ko kuma tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ta sa an ajiye shi. Abin da ke cin babur a nan shi ne ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a share sit a hau buga kik. Injin da ya tashi da ƙura a matata da lalataccen mai a ciki yana cin kansa ne, kuma gyaransa ya ninka kuɗin duk abin da za mu lissafa a ƙasa. Ko roba-roba gare ka, ko Boxer, ko sikuta mai giya da kanta, bi waɗannan matakai a jere.

1. Wanke shi, ka haska lunguna

Kada ka goge ƙura da busasshen tsumma, domin tana karce fenti. Zuba ruwa tukuna. Daga nan kunna tocilan wayarka ka leƙa ƙarƙashin sit da bakin salansa. Ɓeraye suna cin wayoyin wuta, zanzaro kuma yana son gina ɗakinsa a cikin salansa. Duk abin da za ka kwance, fara ɗaukar hotonsa da waya, don ka san yadda za ka mayar da shi.

2. Batir

Kamar yadda wayar da aka jefa a durowa take mutuwa ko ba a taɓa ta ba, haka batirin babur yake zubar da caji a zaune, kuma zafi yana ƙara saurin zubar. Idan ka sa wa babur tiraka ko wurin cajin waya na USB, wasunsu suna shan wuta ko da makulli yana kashe.

Auna shi da mitar wuta, irin wadda masu gyaran waya suke amfani da ita. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 zuwa sama. Idan ya nuna ƙasa da 12.4, yana son caji. Idan ya faɗi ƙasa da 12 kuma ya daɗe a haka, da wuya ya koma yadda yake. A yi masa caji a hankali da ƙaramar caja, kamar amp 1, domin cajar mota mai ƙarfi tana iya kumbura shi. Idan ka ga farin gari a kan tashoshinsa, kankare shi, ka ɗaure, ka shafa ɗan giris.

3. Tsohon fetur da kafireta

Fetur ba ya zama lafiya har abada. Bayan 'yan watanni, ɓangarensa mai saurin kama wuta yana tashi a iska, ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan ramukan kafireta. Shi ya sa babur zai tashi da cok, amma da ka mayar da cok sai ya mutu.

Buɗe tanki ka shinshina. Idan warin ya koma kamar na fenti, ko man ya yi duhu, juye shi. A ƙasan kafireta akwai ƙaramin sukuru na zubar da man da ya kwanta. Sassauta shi ya tsiyaye, sannan ka zuba sabon mai daga gidan mai. Yi wannan aiki a fili, nesa da murhu, sigari da janareto.

4. Matatar iska

Wannan ita ce makanikai suke kira iya-kilina, kuma a garin ƙura kamar namu ita ce mai tsaron injin. Ƙurar da ta wuce ta tana goge fistin kamar sanfefa, daga nan sai hayaƙi da shan baƙin mai. Idan ta soso ce, wanke ta da ruwan sabulu, ka bar ta ta bushe sarai, ka ɗiga mata ɗan baƙin mai ka matse. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta. Canja ta kawai.

5. Baƙin mai da fulogi

Tsayar da babur a miƙe, ka zaro sandar gwaji. Idan ajiyar ta kai wata shida, ko ba ka tuna ranar da aka yi juye na ƙarshe ba, yi sabo. Kwance fulogi ka duba bakinsa: ruwan ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai maiƙo kuwa yana son gogewa ko canji. Kafin ka mayar da shi, taka kik a hankali sau biyar ko shida makulli yana kashe, don mai ya zagaya.

6. Tayoyi

Taya tana rage iska a zaune, rana kuma tana tsattsaga ta. Je wurin mai faci a auna da geji, kada a tsaya ga matsawa da yatsa. Adadin iskar yana rubuce a jikin babur ko a littafinsa. A gefen yawancin tayoyi akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin ƙira: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara biyar, ko ta fara tsagewa a gefe, ba abin amincewa ba ce a kan kwalta mai zafi, ko da zanenta bai cinye ba.

7. Birki, ceni da fitilu

Tura babur ka kama birkin gaba, sannan na baya. Kowanne ya kama, kuma ya saki da ka saki. Idan kebul ya cije, ɗiga masa mai. Wanke ceni da kananzir, ka sa masa mai, ka bar masa wasa kamar santimita 2 zuwa 3. Sikuta kuwa bel take amfani da shi, sai makanike ya buɗe ya duba ko ya bushe. Gwada fitilar gaba, ta birki, sigina da hon.

Yanzu sai tashi

Fito da shi waje, domin hayaƙin injin a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da ka ji alama ba. Ja cok, ka tayar, ka bar shi ya yi sulo na 'yan mintuna ba tare da murɗa totur ba. Idan mitar tana kusa, sake auna batir: injin yana aiki, ka ɗan ƙara wuta, ya kamata ka ga tsakanin volt 13.5 da 14.5. Fara zagaya unguwa da hular kwano a kanka, kafin ka shiga cunkoson titin Ahmadu Bello ko ka kama hanyar jami'a.

Idan za ka sake ajiye shi

Cire kan batir na baƙar waya, rufe famfon mai, ka tsiyaye kafireta, ka ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya a inuwa, ka lulluɓe shi, ka toshe salansa da leda. Mai babur na lantarki ya bar batirin litiyom da kusan rabin caji, nesa da rana. Sa tunatarwa a kalandar wayarka ta duk wata, ka riƙa duba caji da iskar taya.