Su Wane Ne Masu Ra'ayin Mazan Jiya?

A wannan fitowa, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun zo muku da bayani a kan wata kalma da muke yawan ji a labaran rediyo, wato "masu ra'ayin mazan jiya". Wasu kuma suna cewa "masu ra'ayin riƙau".

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne wata gardama da ta kusa zama dambe a ajinmu. Ana cikin darasin tarihi sai wani ɗalibi ya ce kakansa ɗan NEPU ne, har kurkuku ya shiga saboda siyasa, kuma duk 'yan NPC azzalumai ne. Wani ya miƙe ya ce nasa kakan ma'aikacin En'e ne kuma ɗan NPC, su ne suka gina Arewa, 'yan NEPU kuwa marasa kunya ne. Da ƙyar malaminmu ya raba su. Har yau ba sa gaisawa sosai. Shi ya sa muka je muka karanta, muka tambayi manya, don mu san abin da kakanninmu suka yi saɓani a kai.

Mene ne ma'anarsa?

Mai ra'ayin mazan jiya shi ne mutumin da yake ganin abin da aka gada daga iyaye da kakanni, kamar sarauta da addini da tsarin iyali da al'ada, yana da amfani ko da ba mu gane amfanin nan take ba. Don haka ba ya son a rushe shi da gaggawa. Idan za a yi gyara, a yi shi sannu a hankali. Misali, idan ɗaki yana yoyo, shi zai ce a hau a yaɓe wurin da ke zuba. Abokin adawarsa, mai ra'ayin sauyi, zai iya cewa azarar ma ta ruɓe, a kwance rufin a sake sabo. Dukansu suna son ruwa ya daina zuba a kan mutane. Inda suka bambanta shi ne yawan abin da za a taɓa da kuma saurin aikin.

Daga ina ya fito?

A shekarar 1789 mutanen Faransa suka yi juyin juya hali a kan sarkinsu. A majalisar da aka kafa, masu goyon bayan sarki suna zama a hannun dama na shugaban majalisa, masu son sauyi kuma a hagu. Daga nan ne aka samo maganar "dama" da "hagu" a siyasa. A 1790 wani ɗan majalisar Ingila mai suna Edmund Burke ya rubuta littafi yana gargaɗin cewa rushe komai a lokaci ɗaya zai kawo zubar da jini. A 1793 aka fille wa sarkin Faransa kai, aka kuma kashe dubban mutane. Mutane da yawa suna ɗaukar Burke a matsayin uban wannan ra'ayi. Amma shi kansa ya yarda cewa ƙasar da ba ta gyara kanta ba za ta ɗore ba.

Abin da muka lura da shi shi ne, abin da ake riƙewa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila jam'iyyar Conservative tana kare gidan sarauta da majalisa. A Amurka babu sarki, don haka 'yan jam'iyyar Republican sun fi magana a kan tsarin mulki da addini da rage haraji. Kuma kada a ɗauka ra'ayin na maza ne kawai. Margaret Thatcher, mace ta farko da ta zama firayim ministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, 'yar Conservative ce.

Yadda abin ya kasance a nan gida

Zariya tana cikin tushen labarin. A 1948 wasu 'yan boko a Zariya da Kaduna suka kafa ƙungiyoyi waɗanda suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. Shugabanta na farko shi ne Dakta R.A.B. Dikko, mutumin Wusasa, likita na farko a Arewa. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, yana cikin manyanta. Da farko ƙungiyar ci gaban al'umma ce, har Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur suna ciki. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, hanya ta rabu. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, wadda aka fi sani da NPC, daga baya Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama shugabanta. Alamar NPC fartanya ce, takenta "Salama". Alamar NEPU tauraro ne, takenta "Sawaba".

A wancan zamani En'e ce take mulkin talaka kai tsaye. Sarki ne da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari, hakimai da dagatai kuma su ke tara haraji da jangali. NEPU ta ce wannan tsari yana danne talakawa, a rage wa sarakuna ƙarfi, jama'a su zaɓi masu mulkinsu. NPC ta ce sarauta ce ta riƙe Arewa shekaru aru-aru, idan aka tumɓuke ta za a shiga ruɗani, a gyara ta dai daga ciki. Ba wai NPC ba ta ga laifin En'e ba. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa ya tashi a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi mata gyara.

Haka aka yi a kan batun 'yanci. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisa a Legas cewa Najeriya ta samu mulkin kai a 1956. Sardauna ya ce a bari sai lokacin da aka shirya. Dalilinsa shi ne Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ofisoshi, idan Turawa suka tafi da wuri za a bar ta a baya. Arewa ta karɓi mulkin kanta a ranar 15 ga Maris 1959, Najeriya kuma ta samu 'yanci a 1 ga Oktoba 1960.

Ribar wannan tafiya muna ganinta kullum a Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Oktoba 1962 aikin gwamnatin Sardauna ce. Haka nan gidan rediyo da talabijin na Kaduna da Bankin Arewa. Wannan ya nuna mana cewa mai ra'ayin mazan jiya ba maƙiyin ilimi ba ne.

Amma Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wasu ne suka biya kuɗin wannan daɗewa. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan NEPU, a Sabon Garin nan ta tashi. An haife ta a 1933, an yi mata aure tana da shekara 13, wato shekarun yawancinmu a aji. Ta yi ta magana a kan auren wuri da ilimin 'ya'ya mata da haƙƙin jefa ƙuri'a. Saboda haka aka doke ta, aka ɗaure ta sau da yawa. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba, domin NPC ta ce lokaci bai yi ba. Sai a 1976 aka ba su wannan dama. Hajiya Gambo ta rasu a 2001, kuma babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta.

Gardamar ba ta mutu da rasuwar Sardauna a 15 ga Janairu 1966 ba. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1979 Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ya zama gwamnan jiharmu ta Kaduna, ya soke haraji da jangali. Majalisar jiha kuwa 'yan NPN ne suka fi yawa a cikinta, jam'iyyar da ake gani ita ta gaji NPC. A 1981 suka tsige shi.

Me muka koya?

Idan muka duba yau, kowane ɓangare ya samu wani abu. Sarauta tana nan, muna zuwa kallon hawan sallah a fadar Sarkin Zazzau, amma sarki ba shi da kurkuku. Iyayenmu mata suna jefa ƙuri'a, 'yan mata kuma suna zaune tare da mu a aji. Wani abin mamaki, Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano duk makaranta ɗaya ta yaye su, wadda ta fara a Katsina, ta koma Kaduna, yanzu kuma ita ce Kwalejin Barewa a nan Zariya.

Don haka shawararmu ita ce, duk wanda ya ce mana "haka muka gada", mu tambaye shi cikin ladabi wa abin yake amfana, wa kuma yake cutarwa. Wanda ya ce "a sauya komai", mu tambaye shi me zai ajiye a gurbinsa. Abokanmu biyu kuwa muna roƙonsu su yi musabaha, kowa ya je ya ji labarin kakan ɗan uwansa. Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara ya rubuta ya ba wa malamin da ke kula da ƙungiyarmu, za mu liƙa a fitowa ta gaba in sha Allah. Don Allah a karanta a bar wa na baya, kada a yage takardar.