TURMI DA JITA: LABARIN 'YAN MATAN ILLIGHADAD

 Yau ba girki za mu yi ba, ba kuwa ɗinki ba. Amma ba za mu yi nisa da madafa ba, gama labarin da na kawo muku daga turmi ya faro.

A ƙasar Nijar, cikin jihar Tawa, wajen Abalak, akwai wani ƙauyen Abzinawa ana ce da shi Illighadad. Mutanensa makiyaya ne. Matan Abzinawa suna da wani kiɗa tun na kaka da kakanni, sunansa tende, watau turmi da harshensu. In biki ya zo, sai a ɗauko turmin da ake daka gero a ciki, a rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure fatar da igiya jikin taɓare biyu, ɗaya nan ɗaya nan. Mata biyu su zauna bisa taɓaren don fatar ta ɗame, a riƙa yayyafa mata ruwa. Wata na kaɗawa, wata na ba da waƙa, saura na amshi da tafi, samari kuwa na kewaya su bisa raƙuma. In an watse a kwance fata, gobe da safe turmi ya koma dakansa. Kun ga dabara!

Suna kuma kifa ƙwarya cikin ruwa su kaɗa. Wadda duk ta taɓa zama wurin amada, ko ta ji marigayiya Barmani Coge, ba sai an yi mata bayani ba. Har goge ma, wanda suke kira imzad, a wurinsu na mata ne.

To, jita fa? Ita wannan maza suka kawo ta. Bayan farin da aka yi a 1973 da 1974 dabbobi suka ƙare, samarin Abzinawa da yawa suka tafi ci-rani Aljeriya da Libiya. Can suka koyi kaɗa jita, suna waƙar kewar gida da wahalar baƙunci. Cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta fito wajen 1979, wadda ta ci babbar kyautar Grammy ta Amurka a 2012. Daga baya Bombino na Agadas da Mdou Moctar suka biyo, har Turawa masu son kiɗan rok suka san sunansu. Amma in kun kasa kunne, taken da ke ƙarƙashin jitar nan tasu na tende ne. Ashe kiɗan uwayensu mata suka ɗora bisa tsirkiya, suka yi suna da shi, matan kuwa aka bar su da amshi da tafi.

A ƙauyen nan na Illighadad aka haifi Fatou Seidi Ghali, mu ce Fatu. Tana 'yar kamar shekara 10 wanta ya zo gida da jita. Ba wanda ya koya mata. In ya ba da baya sai ta ɗauko, ta yi ta lalube har yatsunta suka gane hanya. Ita da bakinta ta ba da labari cewa mahaifinta bai so ba, yana ganin ɓata lokaci ne, gara ta kula da shanu. Ni dai ban ga laifin dattijon ba ƙwarai. Wane uba ne zai ga 'yarsa ta kama abin da ba a taɓa ganin mace da shi a garin ba, hankalinsa ya kwanta? Ku da kuke da 'ya'ya mata kun san abin da bakin mutane ke iya yi wa yarinya tun ba ta yi kome ba.

Akwai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai wani ɗan kamfanin faifai a birnin Portland da ake kira Sahel Sounds. Irin waɗannan ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu su ne Turawa ke ce wa indi. Ba su da kuɗin manyan kamfanoni, amma ba su cika tilasta wa makaɗi ya sake kiɗansa don kasuwa ba. Shi ne ya je har ƙauyen da na'urarsa, ya ɗauki Fatu da 'yar'uwarta Alamnou Akrouni a fili, ba cikin ɗaki ba. Faifan ya fito a 2016 da sunan Les Filles de Illighadad, watau 'Yan Matan Illighadad da Faransanci. Fuska ɗaya jita ce da murya, ɗaya fuskar kuwa tende ne tsantsa, kamar yadda matan ƙauye ke yinsa.

Daga nan fa sai tafiya ta kama. A 2017 suka fitar da faifai na biyu, Eghass Malan, wannan karon da jita mai lantarki. Abin da ya burge ni shi ne, inda sauran ƙungiyoyin rok ke jera manyan ganguna na Turai, su turminsu da ƙwaryarsu suka ajiye. Fatu ta ɗauko tsofaffin waƙoƙin tende ta maishe su kan jita, ta bar turmi yana amsa mata. Suka zaga ƙasashen Turai. A 2019 suka haye Amurka, har suka yi wasa a babban ɗakin karatu na Majalisar ƙasar a Washinton. Wasan da suka yi a wani zaure a Buruklin, cikin birnin Niyok, shi aka buga ya zama faifai na uku, At Pioneer Works, a 2021.

'Yan makaranta, kada ku ji wannan ku ce sana'ar hutu ce. Ƙungiya irin wannan ba da cinikin faifai take ci ba sosai, sai da yawon wasa: yau wannan gari, gobe wancan, ga jiran biza, ga sanyi, ga abincin da ba a saba ba, ga kewar gida. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe gidajen wasa a duniya, makaɗa manya da ƙanana suka zauna ba abin yi. Kuma ku lura, Fatu ba ita kaɗai ta kama hanya ba. Da 'yan'uwanta take tafiya, har da ɗan'uwanta namiji mai kaɗa mata jita ta biyu, suna hawa dandamali da lulluɓinsu irin na gida.

Wadda ke da wayar da ke kama intanet a gidansu, ta nemi Eghass Malan ta sa wa iyarta ko kakarta, kada ta gaya musu ko na su wane ne. Ina so in ji ko tsofaffin za su gane turmi da ƙwarya a ciki, da abin da za su ce game da yarinya mai jita. Ku rubuto mini, in Allah ya yarda zan buga amsoshinku a wannan fili.

Sai mako mai zuwa.