Shunin Zane da Alƙalamin Maka Wajen Shata Ƙarfe: Bayani da Batun Sanya Suna

1.0 Gabatarwa

Kafin a yanka ƙarfe ko a huda shi da inji, wajibi ne a shata inda aikin zai bi. Da yake fuskar ƙarfe tana da sheƙi, siririn layi ba ya fitowa a kanta sai an fara dusashe ta da launi. Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyi biyu na yin haka, sannan ta duba sunayen da suka dace da su a Hausa.

2.0 Shunin Zane

Shunin zane rini ne, galibi shuɗi, wanda aka narkar a sifirit. Akan shafa shi sama-sama, ya bushe cikin 'yan mintoci. Daga nan sai a ja tsinken ƙarfe mai tauri a kansa, tsinin ya kankare rinin, hasken ƙarfen ya bayyana. Kaurin irin wannan layi bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Samfurin da ya fi shahara shi ne Dykem na Amurka.

3.0 Alƙalamin Maka

Maka mai tawadar da ba ta goguwa da ruwa ta yaɗu ne bayan fitowar samfurin Sharpie a 1964. Tana da araha da saurin aiki, ba ta kuma zubewa. Sai dai layinta yakan kai kimanin milimita 1, wato ninki goma na layin tsinke. Saboda haka ƙwararru kan cike wurin da tawadar, sannan su ja tsinke a kai. Wannan dabara takan wadatar a ƙaramin aiki, amma a faffaɗan faranti tawadar kan yi dabbare-dabbare, maiƙo kuma kan toshe bakin alƙalamin.

Duka biyun ruwan sanyaya inji yana iya wanke su, shi ya sa ake ɗiga ƙananan alamu da guduma a bisa layin. Haka kuma akwai inda tsinke ke da haɗari: karce a fallen alminiyam na jikin jirgin sama yana iya zama mafarin tsagewa.

4.0 Matsalar Suna

A Ingilishi ana kiran abubuwa biyu mabambanta da sunan shuɗi. Na farko shi ne wanda aka bayyana a sama. Na biyu shuɗin Furusiya ne, wanda aka gano a Balin wajajen 1706. Akan kwaɓa shi da mai don kada ya bushe, a gane inda fuskoki biyu ke gogar juna. Mai fassarar da ya kira su duka "shuɗi" zai sa ɗalibi ya shafa wanda ba ya bushewa, layinsa ya goge.

5.0 Kammalawa

Bisa wannan dalili ake ba da shawarar a kira na farko shunin zane, na biyu shunin gwaji. Kalmar shuni ta marina ce, kuma Bahaushe ya san ta a matsayin launin da ake shafawa a kan abu. Ita kuwa maka, ta riga ta zauna a bakin jama'a, aronta ya wadatar.