Ikilisiyoyin Lutheran da Ba Su da Bishop

A watan Yuni na kowace shekara, wasu Kiristoci mabiya ɗarikar Lutheran a Amurka sukan haɗu domin babban taronsu. Manoma daga Dakota ta Arewa, malaman makaranta daga Minnesota, fastoci, dattawan da suka ajiye aiki, maza da mata, kowa ya ɗauko jakarsa ya taho. Babu wanda aka turo a matsayin wakili. Duk wanda yake da ikon jefa ƙuri'a a ikilisiyarsa ta gida, in ya zo ya yi rajista, yana da bakin magana kuma yana da ƙuri'a. Za a kwashe kwanaki ana sauraron rahotanni, ana muhawara, ana zartar da ƙudurori. Bayan an watse kuwa, babu ƙuduri ko ɗaya da ya zama dole a kan wata ikilisiya. Wadda ta ga dama ta bi, wadda ba ta gamsu ba ta bar shi a takarda, kuma ba mai tuhumarta.

Sunan ƙungiyar Association of Free Lutheran Congregations, ana taƙaita shi AFLC, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar ikilisiyoyin Lutheran masu cin gashin kansu. Hedikwatarta tana Plymouth, a gefen birnin Minneapolis, bakin wani tafki da ake kira Medicine Lake. Ikilisiyoyinta sun kai wajen 250, mabiyanta sun ɗan haura 40,000, kuma da yawansu suna ƙananan garuruwa da ƙauyukan Minnesota da Dakota ta Arewa. In aka kwatanta da ELCA, babbar cocin Lutheran ta Amurka mai mabiya kusan miliyan 3 da bishop-bishop 65, wannan ƙaramar ƙungiya ce ƙwarai. Mai karatu da ya san Lutheran ta wajen Numan a Jihar Adamawa, inda 'yan mishan na Denmark suka fara aiki a 1913 kuma yau akwai babban bishop da dayosis-dayosis, zai yi mamakin jin cewa a nan babu bishop ko ɗaya. Akwai shugaba, wanda taro ke zaɓa, amma ba ya naɗa wa kowa fasto, ba ya cire kowa daga aiki, ba ya riƙe da takardun filin kowace majami'a.

Tushen wannan hali yana Norway. A can, tun daga 1741, akwai dokar da ta hana wanda ba limamin cocin gwamnati ba ya tara mutane ya yi musu wa'azi ba tare da sanin limamin yankin ba. Wani ɗan manomi mai suna Hans Nielsen Hauge, wanda aka haifa a 1771, ya sami wata farkawa ta ruhu yana cikin aikin gona a watan Afrilu na 1796. Daga nan ya shiga yawon ƙasa, galibi da ƙafa, yana tara jama'a a gidaje, yana karanta musu Littafi Mai Tsarki, yana kuma kafa sana'o'i kamar masana'antar takarda domin mabiyansa su sami abin yi. An kama shi sau da dama, kuma ya shafe shekaru a tsare daga 1804. Ya rasu a 1824, aka soke dokar a 1842. Lokacin da talakawan Norway suka yi ta ƙaura zuwa Amurka, da yawansu sun tafi da abubuwa biyu a zuciya: cewa manomi ma yana iya tsayawa ya yi addu'a da wa'azi a gaban jama'a, da kuma ɗari-ɗari da duk wani limami mai magana da yawun hukuma.

A Amurka, malamai biyu ne suka mayar da wannan ɗabi'a tsari. Sven Oftedal ya iso makarantar tauhidi ta Augsburg da ke Minneapolis a 1873, Georg Sverdrup ya biyo shi a 1874. Su biyun sun tsaya a kan cewa abin da Sabon Alkawari ya sani shi ne ikilisiyar gari, mutanen da ke taruwa wuri guda suna jin Maganar Allah, don haka duk wata hukuma da aka ɗora a samanta ƙirƙirar mutum ce. A 1890 coci-cocin 'yan Norway da dama suka haɗe, ba a daɗe ba rigima ta tashi a kan wace makaranta za a fifita, Augsburg ko kwalejin St. Olaf. Magoya bayan Augsburg suka ware a 1893, sannan a 1897 suka kafa Lutheran Free Church bisa wasu ginshiƙan ƙa'idoji 12.

Waɗannan ƙa'idoji su ne har yau AFLC take riƙe da su. Abin da suka ƙunsa a taƙaice shi ne: ikilisiyar gari ita ce surar da Mulkin Allah yake ɗauka a duniya; Maganar Allah da Ruhunsa ne kaɗai ke mulkinta; tana maraba da kowace baiwa da Allah ya ba mambobinta; ikilisiyoyi suna taimakon juna da son ransu; kuma babu taro ko rinjayen ƙuri'a da zai ɗora wa wata ikilisiya nauyin da ba ta yarda da shi ba.

A farkon shekarun 1960 aka gwada ƙa'idojin. Mafi yawan ikilisiyoyin Lutheran Free Church suka amince su shiga babbar cocin American Lutheran Church, haɗewar da ta kammala a 1963. Wajen ikilisiyoyi 40 suka ce ba da su ba. Suka taru a garin Thief River Falls a watan Oktoba na 1962, suka zaɓi Fasto John Strand shugabansu na farko. Da fari sun ci gaba da amfani da tsohon sunan, suna ƙara masa bayanin cewa su ne ba su haɗe ba. Aka kai su kotu a kan sunan, dole suka sake shi, kuma zuwa 1964 sunan da suke ɗauke da shi yanzu ya zauna. A wannan shekarar suka buɗe makarantar horar da fastoci, a 1966 suka ƙara makarantar Littafi Mai Tsarki ta matasa. Mujallarsu, The Lutheran Ambassador, tana fitowa tun 1963.

Yadda ake samun fasto ya isa ya nuna tsarin duka. In fasto ya tashi, ikilisiya takan kafa ɗan kwamiti na mambobinta. Suna iya neman shugaban ƙungiya ya ba su sunayen fastocin da ke cikin rajista, ya kuma ba su shawara. Daga nan aikinsa ya ƙare. Su ne za su tattauna da wanda suke so, su ji wa'azinsa, su kawo sunansa gaban taron mambobi a jefa ƙuri'a, sannan a rubuta masa takardar kira. Shi ma yana da 'yancin karɓa ko mayarwa bayan ya yi addu'a a kai. Albashinsa daga baikon ikilisiyar yake fitowa. A ƙauyuka, ba abin mamaki ba ne ikilisiyoyi biyu ko uku su yi tarayya a kan fasto guda, ya yi sujada a nan da sassafe, ya hau mota ya tsallaka gonaki zuwa ta gaba kafin tsakar rana. Inda babu faston da aka keɓe, akan ba wani amintaccen mamba lasisi ya riƙe aikin, abin da jikokin almajiran Hauge ba sa gani a matsayin ragi.

Haka zancen kuɗi yake. Hedikwata ba ta yanka wa kowace ikilisiya kason da za ta biya. Makarantu, aikin mishan a Brazil, Mexico, Uganda da Indiya, kafa sababbin ikilisiyoyi, buga littattafan makarantar Lahadi, duk suna tsaye ne a kan abin da mutane suka bayar don ra'in kansu. Kowane sashe yana kawo buƙatarsa gaban taron shekara, a amince da ita a matsayin buri, sannan ya koma yana jiran abin da zai shigo. Mai tafiyar da irin wannan ofis dole ya iya lallashi, domin ba shi da sanda. Filin majami'a da gininta kuwa mallakar ikilisiyar ne, da ƙuri'ar mambobinta ta shigo, da ƙuri'arsu kuma za ta iya fita da kayanta cif. Wanda ya san irin shari'o'in da aka yi ta yi a Amurka a kan gine-ginen coci tsakanin ikilisiyoyi da hedikwatocinsu zai gane darajar wannan.

Kada a ɗauka sakin fuska a wajen mulki yana nufin sakin fuska a wajen aƙida. Nan ba su da sassauci. Sun yarda Littafi Mai Tsarki hurarre ne, babu kuskure a cikinsa. Suna riƙe da tsofaffin shaidun bangaskiya uku, ta Manzanni, ta Nikiya da ta Atanasiyus, tare da Shaidar Augsburg ta 1530 da Ƙaramin Katekisim na Martin Luther na 1529. Suna yi wa jarirai baftisma, suna koyar da cewa Kristi yana nan da gaske a jibin Ubangiji. Maza kaɗai ake keɓewa fastoci, ko da yake mata suna jefa ƙuri'a, suna koyarwa, kuma zumuntarsu babban ginshiƙi ce a tallafa wa 'yan mishan. Aure a wurinsu tsakanin namiji da mace ne. Saboda wannan tsayuwa, wasu ikilisiyoyi da ba su gamsu da inda manyan coci suka dosa ba sun shigo cikinsu, musamman a lokacin da aka kafa ELCA a 1988. Wani kwamiti na musamman ne ke riƙe da rajistar fastoci, yana tantance mai shiga, kuma yana iya cire sunan wanda ya kauce.

Abin da ya fi bambanta su da sauran Lutheran masu ra'ayin riƙau shi ne yadda suke kallon mutanen da ke zaune a kan benci. Ƙa'idojinsu sun faɗa ƙarara cewa ba duk mai suna a rajistar ikilisiya ne mai bi na gaskiya ba, kuma mutum yana iya fakewa da zuwa coci ya yaudari kansa. Don haka faston nan yakan yi wa'azin tuba ga waɗanda aka yi wa baftisma tun suna goye, yana kiran su su farka. Ana taron addu'a a tsakiyar mako, kowa ya yi addu'a da kalmominsa. Ana ba da shaida a gaban jama'a. Sujadar Lahadi ba ta da yawan ƙawa, fastoci da yawa da kwat da nektaye suke hawa bagade maimakon doguwar rigar limamai. Yara sukan yi kimanin shekara biyu suna koyon katekisim kafin a tabbatar da su a gaban ikilisiya. Bayan sujada sai kofi, wanda a wannan yanki kusan ba a taro sai da shi. A wasu ikilisiyoyin karkara, da kaka, har yanzu akan yi liyafar lutefisk, busasshen kifin da aka jiƙa a ruwan toka, da lefse, wata siririyar gurasar dankali, abincin kakanninsu na Norway. Matasa kuma suna da babban taronsu duk bayan shekara biyu a Estes Park, cikin duwatsun Colorado.

Tsarin yana da tsadarsa, kuma mutanensa sun san da haka. In rikici ya ɓarke tsakanin fasto da dattawan ikilisiya, shugaba yana iya zuwa in an gayyace shi, ya saurara, ya ba da shawara, amma ba shi da ikon yanke hukunci. Ƙaramar ikilisiya a garin da matasa suka ƙaurace wa tana iya shekaru tana neman fasto, babu wanda zai iya turo mata ko ɗaya. Taron shekara ma, tunda ba na wakilai ba ne, waɗanda suke kusa da inda aka yi shi, ko suke da hali da lokacin tafiya, su suka fi rinjaye a zauren. Kuma duk aikin da zuciyar jama'a ba ta kwanta da shi ba, komai kyansa a takarda, yunwa ce za ta kashe shi.

Duk da haka ba su nemi a sauya ba. Lutheran Free Church ta asali ta yi shekara 66 kafin ta narke cikin wata coci. Ikilisiyoyi 40 ɗin da suka ƙi binta sun riga sun haura shekara 60 a kan ƙa'idojin nan 12, yawansu ya ninka wajen sau shida, kuma har yau ba su naɗa bishop ba.