Kallon Shamuwa Ba Tare da Takura Mata Ba

Shamuwa tana cikin tsuntsayen da suka fi kusantar mazauna ƙauyukan Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela. Tana isowa gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan bishiyar da ke tsakiyar gari ko cikin gida, shi ya sa manomi ke ɗaukar zuwanta albishirin ruwa. Abincinta fara da sauran ƙwari. Idan kaka ta yi, sai ta koma gabashi da kudancin Afirka.

Sabonta da mutane ba ya nufin tana jure komai. Lokacin kwanci ya fi kowane haɗari: idan aka hau bishiyar ko yara suka harbe ta da danƙo, uwar kan tashi, ƙwai ya zauna cikin zafin rana, hankaka kuma na jira. Mai kallo ya zauna daga nesa, da sassafe ko da la'asar, ya rage motsi da hayaniya. Tsuntsuwar da ta daina ciyar da ƴaƴanta ta zuba wa mutum ido, an matsa mata ke nan, sai a ja baya. Sassabe reshe kuwa ya jira har ƴaƴan su tashi.

Ga mai son kallon kurciya da ƙananan tsuntsaye kuwa, kasko na ruwa a inuwa ya ishe su, a riƙa sauya ruwan kullum, nesa da maɓoyar kyanwa.