Yadda Kwamfuta Ke Rubuta Bayanai a Faifai Idan Ma'adana Ta Cika

Mutane da dama sukan ɗauka cewa da zarar sun ba kwamfuta umarnin adana aiki, to aikin ya shiga faifai ke nan. Ba kullum ne haka take faruwa ba. Manhajar gudanarwa, wato uwar manhajojin da ke tafiyar da na'urar, takan fara ajiye bayanan ne a ma'adanar wucin gadi, domin ta fi faifai sauri nesa ba kusa ba. Illar wannan ma'adana ita ce, wuta na ɗaukewa, abin da ke cikinta ya tafi.

Bari mu ɗauki manhajar Linux a matsayin misali. Takan kasa ma'adanar zuwa ƙananan yankuna da ake kira shafuka. Shafin da aka sauya abin da ke cikinsa, amma ba a kwafe shi a faifai ba, shi ne masana ke kira "shafi mai dauɗa". Sunan bai dace sosai ba, don ba ƙazanta ake nufi ba, bashin rubutu ne ke kansa. A bisa tsarin da Linux ke zuwa da shi, irin wannan shafi yana iya yin daƙiƙa 30 yana jira.

Idan shafuka masu dauɗa suka kai kashi 10 cikin 100 na ma'adanar da ke samuwa, sai manhajar ta shiga kwashe su zuwa faifai a ɓoye, mai aiki bai ma sani ba. In suka kai kashi 20, to sai a riƙa taka wa manhajar da ke rubutun birki har faifai ya rage lodin da ke gabansa.

Abin lura a nan shi ne, idan wuri ya ƙure, shafi mai tsabta ana iya watsar da shi nan take, tun da kwafinsa na faifai. Mai dauɗa kuwa tilas a rubuta shi tukuna. Wannan jira na daga cikin dalilan da ke sa kwamfuta ta yi cak.

A shekarar 2009, wasu masu amfani da tsarin fayil na ext4 sun tarar da fayilolinsu wayam bayan na'ura ta mutu bagatatan, saboda an rubuta sunan fayil a faifai kafin abin da ke cikinsa. An yi gyara a wannan shekarar. Wannan jinkiri ne kuma ya sa ake umartar kwamfuta ta saki filasha kafin a zare ta, domin a lokacin ne take ƙarasa rubutun da ya rage.